Azumin Da Sitiyari Ya Kama Rawa

Bana ma sama ta yi mana irin halin nan nata. Ruwa ya sauka da wuri, mutane suka fita da sungumi, tsiro ya leƙo, sai kuma ta ɗauke cak. Daga ƙofar shagona a Kazaure ina hango duwatsu sun yi fari fat da rana, ganyen geron da ke bakin titi ya naɗe kamar an murza shi. Shekaranjiya ina zaune a nan ɗana Nura ya tsayar da motar kayanmu, ya sauko yana yarfa hannu.

"Baba, tayoyin nan da muka sa jiya, ina taka ta a kan titi sai sitiyari ya kama rawa. Bari in kai ta wurin masu na'ura su duba."

Na ce ya je. Kafin la'asar ya dawo an gyara, har ya tsaya ya sayo rake a hanya. Shi ya manta da zancen. Ni kuwa tun ranar yake zaune a raina, domin fari da rawar sitiyari sun taɓa haɗe mini a wata shekara, yau sama da shekara arba'in, kuma har yanzu ban huce da kaina ba.

A lokacin ban kai talatin ba. Na fara da sayen hatsi a kan jaki, ina bin ƙauyuka ina kaiwa kasuwa, har Allah ya sa na kama sito a Babura, na sayi tsohuwar babbar mota mai bodin katako. Jakin farko yayana ne ya ba ni, Yaya Hamisu, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Shi yana ƙauyenmu can bayan Gwiwa, a kan gonar gado. Manomi ne na gaske, kuma abin taƙamarsa guda ɗaya ne: tun da ya zama magidanci gidansa bai taɓa awo ba. Wanda bai tashi a ƙauye ba ba zai gane nauyin wannan ba. A wurinmu, in aka ga an fito da kwano daga gidanka za a auno hatsi a kasuwa, to an san rumbunka ya faɗi, kai ma ka faɗi tare da shi. Ni da sana'ata ke nan, na fi kowa sanin yadda magidanta ke sunkuyar da kai a gaban mudu.

Daminar da ta gabata ba ta yi abin kirki ba, sai ga azumi ya faɗo daidai bakin wata daminar. Zafi irin wanda ake ji har cikin haƙora. Da hantsi iska ta tsaya, da azahar ƙasa tana ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Dattawa su jiƙa buhu su kwanta a kai a ƙarƙashin darbejiya, ba mai ce da wani uffan, don magana ma yawu take ci. Rijiyoyi sun ja baya, guga yana fitowa da rabin ruwa rabin yashi.

Farkon azumin na je gida na sha ruwa da su. Na riƙo buhun dawa, Yaya ya dube shi ya dube ni.

"Mai da shi mota, Sabo. Rumbu bai mutu ba tukuna."

Matarsa Talatu, wadda muke wasa da ita tun aka kawo ta gidan, ta leƙo daga madafi tana fifita fuska da faifai.

"A'a, ga mijina na birni! Me ka kawo mini, ko tumbin nan ne kawai?"

"Tumbin ma ai naki ne, ke kika aza harsashinsa."

"To bana ka nemi mai ƙarasa ginin, ni kayan aikina sun ƙare."

Muka yi dariya, amma ba wasa ba ne gaba ɗaya. Na ga yadda gidan ke tafiya. Da safe Yaya ya hau rumbu ya zaro abin da zai zaro, ba dami guda ba kamar da, 'yan zangarniyoyi ne a hannu. Talatu ta sussuka, ta sheƙe, ta surfa, dusar da a da ake ba awaki ta mai da ita cikin tukunya. Da rana ta bi bayan gari ta tsinko tafasa da yaɗiya. Da magariba aka ajiye mana kunun tsamiya wanda kana hango gindin ƙwarya ta cikinsa, da kwaɗon ganye mai ɗan ƙuli-ƙuli a bisa don ƙamshi. Yara aka fara zuba wa. Tuwo na sahur ne kawai, shi ma malmala ƙarama.

Da gari ya waye Yaya ya kai ni gona. Ruwan farko ya ruɗe shi kamar yadda ya ruɗi kowa, ya zuba duk irin da ya ɗaure tun kaka. Tsiron ya fito, ga shi nan layi-layi, amma ya yi laushi, bakinsa ya fara ƙuna.

"In ya samu ruwa cikin satin nan zai tashi," in ji shi.

Bai samu ba. Azumi ya kusa rabi, ranar kasuwar Babura, wani ɗan garinmu ya same ni a bakin sito ya ce Yaya ya aiko shi. Shuka ta mutu ƙurmus, kuma babu ko ƙwayar iri a gidan. Ya ce a gaya mini ba abinci yake nema ba, iri yake so, mai saurin nuna, don in ruwa ya dawo a sake shuka. Wannan ne karo na farko da Yaya ya nemi wani abu a hannuna.

Ina da shi kuwa. Tun kaka na sayi wani gero ɗan gajere daga mutanen ƙetaren iyaka, wanda ba ya son ruwa da yawa, na jibge shi a kusurwar sito. Na ce da ɗan aiken ya koma, in kasuwa ta watse zan shirya.

Yammacin ranar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska ta fara zuwa da ƙura, ta kwashe rumfunan kasuwa, sannan ruwa ya kece. Ruwa ne na gaske, mai cika kwata, mai ƙamshin da ke sa mai azumi ya ji kamar ya ɗebi ƙasa ya ci. Na tsaya a bakin sito ina kallon hadarin yana gangarawa yamma, na san daidai kanmu ya nufa, Roni da Gwiwa duk zai jiƙa su. Ƙasarmu kuwa jigawa ce, rairayi. Danshinta ba ya jira. In ba ka shuka cikin kwana biyu ko uku ba, ka jira wani ruwan.

Bayan asuba muka fara lodi, ni da direbana Malam Iro. Dattijo ne, ya fara tuƙi tun ina goye, ni na sayi motar amma shi ya san halinta. Tayoyin gaba sun sule har zare na leƙowa, ga hanya ta jiƙe. Na ce ba zan ɗora irin Yaya a kan waɗannan ba. Ina da sabbi guda huɗu da na samu da sauƙi tun kaka, suna nan cikin sito. Mu masu hatsi ba ma ajiye buhu a ƙasa, saboda gara da danshi, sai mu shimfiɗa katako ko tsofaffin tayoyi mu jera a kai. Da katako ya ƙare mini a waccan kakar, sai na kwantar da sabbin nan a kusurwa na jera buhunan geron a kansu har kusa da rufi. Na ga dabara ce: hatsi ya tsira daga gara, taya ta ɓuya daga idon ɓarawo. Da aka kwashe buhunan muka jawo su, mai faci ya sa biyu a gaba, biyu muka jefa saman kaya, aka ja tampol aka ɗaure tam. Tsofaffin na bar masa, kafin mu tashi har masu yanka takalmi sun sa musu wuƙa.

Muddin muna kan hanyar burji lafiya lau, don ramuka ba su bari a yi gudu. Da muka hau kwaltar da ta nufi Kazaure Malam Iro ya ba ta wuta, sai na ga hannuwansa sun fara karkarwa. Na ɗauka azumi ne. Ashe sitiyarin ne ke rawa, yana kaɗa shi har kafaɗa. Madubi ya riƙa kyarma, ƙofa tana karo da ƙarfenta. Ya sassauta, rawar ta lafa. Ya sake takawa, allurar gudu na haura sittin rawar ta dawo.

Muka tsaya a gefen titi. Ya bi notikan ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure suke. Ya leƙa ko laka ta daskare a cikin wili, babu. Ya bubbuga tayoyin da ƙarfe, iska daidai. Muka sake hawa, ya kai ta gudun da take rawar ya zare giya, injin ya yi shiru amma rawar tana nan. Ya taɓa birki, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba.

"Ba inji ba ne, ba birki ba ne," in ji shi. "Kuma a hannu nake jin ta, ba a kujera ba. Abin yana gaba."

"To me ke nan?"

"Allah masani. Amma maigida, ga shawara. A hankali ba ta yi. Mu lallaɓa ta haka kamar amarya, kafin la'asar mun kai. In mun sauke iri sai mu dawo mu nemi cutarta."

Na shiga lissafin abin da ke gabanmu. Bayan Roni hanya ba kwalta, ga laka, ga rafuka sun kawo, babu bakanike ko ɗaya. Na taɓa ganin motar da ƙafarta ta gaba ta fice da kaya a kai, ban manta yadda aka kwashe mutanen ba. Motar nan kuma ita ce duk abin da na tara. Na ce a raina, abin da ke rawa yana shirin karyewa ne, gara ya karye a gaban mai gyara.

"A'a Malam Iro. Ga Kazaure nan gabanmu. A duba, awa guda mu wuce."

Bai yi musu ba. Ya ce, "Motarka ce."

Garejin yana gindin wani dutse a bakin gari. Mai shi Tanimu, ƙaton mutum mai fara'a, shi da Malam Iro sun saba tsokanar juna.

"Tsoho, ka tabbata motar ce ke rawa ba kai ba? Ka yi sahur kuwa?"

"Na yi, da kuɗin da ka cuce ni wancan zuwan."

Tanimu ya sa jak ya ɗaga gaban motar. Ya kama ƙafa ya jijjiga, ta amsa da ƙwas-ƙwas. Ya ɗaga kai ya dubi tayoyin.

"Waɗannan fa?"

"Sabbi ne dal," na ce. "Yau da safe aka sa. Ni na saye su da hannuna."

Ya wuce su. Ba laifinsa ba ne, ni na rufe masa wannan ƙofar, kuma ni ma ban san na rufe ba. Ɗan kasuwa yakan zargi kayan kowa kafin ya zo kan nasa. Tsohuwar mota kuwa duk inda ka taɓa za ka samu abin da ya saki. Ya kwance ƙafar, ya zaro boris, ƙarfen nan mai 'ya'ya da ƙafa ke juyawa a kansa, ya nuna mini ya ci. Wajen fitar da shi ya ƙarasa fashewa. Babu irinsa a Kazaure, sai Kano. Motar da ta shigo da ƙafarta yanzu tana tsaye a kan duwatsu da kututture, ko an so a lallaɓa ta ba dama.

Yammacin nan na ga wani ɗan ƙauyenmu ya zo sayen kananzir, zai koma a kan keke. Na tare shi na ce ya gaya wa Yaya iri yana Kazaure, gobe da hantsi muna tafe, ya kwantar da hankalinsa. Mutumin yana da keke mai kariya a baya, irin wanda ake ɗaura wa rabin buhu. Geron yana bayana, taku kaɗan. Amma an ɗaure tampol, igiya ta sha ruwa ta ƙulle, jikina ya mutu da ƙishirwa, kuma ai gobe ne. Na aika shi da magana, ya hau kekensa ba kaya.

Yau da a ce haka ta faru, waya zan ɗaga, ɗan acaɓa ya ɗauki buhu ya kai kafin a kira sallah. A lokacin motar da ke shiga yankinmu sai ranar kasuwa. Amma keken nan yana nan, kuma na gan shi.

Washegari na bi motar farko zuwa Kano. Rana ta buɗe kamar ba a yi ruwa ba, garin ya yi turiri. Na zaga masu kayan mota da busasshen maƙogwaro, na samo boris, na dawo bayan azahar. Tanimu ya gwada, ya ɗan fi girma. Na koma washegari. A hanya, duk inda na duba ta taga mutane ne a gona. Maza a gaba suna sara da sungumi, sara ɗaya taku ɗaya, mata da yara a baya da ƙorai suna jefa iri suna rufewa da diddige. Da azumi a bakinsu, amma ba mai tsayawa. Haka muke yi a gida, ni a bayan Yaya, yana waiwayowa yana cewa in rage hannu kada in zuba da yawa. Na kawar da kai daga tagar.

A garejin muke kwana, ni da Malam Iro, a ƙarƙashin bodi muna gadin kaya. Matar Tanimu tana aiko mana da kunu da ɗan ƙosai da magariba, da asuba mu jiƙa gari da ruwan randa. Kowace safiya Malam Iro zai fita gefen garejin inda rana ke bugu, ya tona ƙasa da diddige, ya duba, ya dawo ya zauna. Farko danshi yana sama-sama. Daga baya sai ya tsuguna ya sa hannu kafin ya same shi.

Aka sa boris, aka mai da ƙafa, muka fita gwaji a kan titin Daura. Allura na haura sittin sitiyari ya kama rawarsa, kamar ba a taɓa komai ba. Malam Iro ya yi salati. Muka koma. Tanimu ya cire hula ya share gumi, ya ce to saura sandar da ke haɗa ƙafafun biyu, ita ma kawunanta sun yi sako-sako. Ya ɗaure abin da zai ɗauru, ya cusa abin da zai cusu, yini ya tafi. Muka sake fita. Tana nan.

A nan ne raina ya ɓaci. Ba don na zargi tayoyin ba, sai don na rasa abin da zan zarga, na ce a sauko da biyun da ke saman kaya a gwada. Malam Iro ya hau ya turo ɗaya. Ta faɗo, na tare ta, na gara ta zuwa wurin Tanimu.

Ba ta tafi a miƙe ba. Ta riƙa tafiya tana ɗingishi, ta duƙa ta tashi, ta duƙa ta tashi, ta karkace ta faɗi a gefe. Duk muka tsaya muna kallon ta. Na je na tsuguna a kanta. Gefe ɗaya ya lotsa, bakinta ya matse ya kusa haɗuwa, ɗaya gefen yana nan yadda aka yi shi. A jikin robar ga shatar saƙar buhu nan ta fito raɗau. Kusurwar siton nan ƙasanta a gangare take, nauyin gero ya kwanta a gefe guda tun kaka har bazara, cikin zafin rufin kwano.

Tanimu ya sake ɗaga gaban motar, ya kafa tsinke a ƙasa dab da taya, ya juya ƙafar da hannu. Tana zagayowa ta taɓa tsinken, ta ja baya, ta sake taɓawa. Ɗaya ƙafar ma haka.

"Alhaji," ya ce da ni, ko da yake ban je Makka ba a lokacin, "a ina waɗannan suka yi zama?"

Na faɗa masa. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskata, ya fasa.

Gyaran bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Aka ciro biyu daga cikin tsofaffin da ke baya aka kawo gaba, aka mai da lotsattsun baya inda tayoyi ke biyu-biyu, suna da abokan tafiya. Muka hau titi, Malam Iro ya taka har ta wuce inda take rawa, sitiyari shiru a hannunsa, sai ɗan motsi can a bodi. Da ma can babu abin da ke shirin karyewa. Da mun lallaɓa ta ranar farko, da ta kai mu.

Muka wuce Roni rana na sunkuyawa. Lakar da na ji wa tsoro ta bushe ta tsage, ƙura muke tayarwa. Gonaki hagu da dama sun fara tsiro, sabo, kore, ɗan siriri kamar allura.

Yaya yana zaune a dakalin ƙofar gida. Ya tashi ya yi mana sannu da hanya, ya tambayi lafiyar mota, ya taya mu sauke buhunan har zaure. Ya kwance bakin ɗaya ya ɗebo, ya murza a tafin hannu, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce in zo. Muka taka zuwa gona, ya tsuguna a tsakiyarta ya tona da hannu. Yashi yana zubowa ta tsakanin yatsunsa. Ya tona har wuyan hannu, ya ƙara, sannan ya tashi ya karkaɗe.

"Mu binne shi haka mana, Yaya. Ya jira ruwa a ƙasa."

"Ƙasar nan wuta ce. Yayyafi kaɗan ya taɓa shi ya tsira ya ƙone, mu yi asara biyu. A bar shi a zaure. In Allah ya kawo ruwa sai a shuka."

Da muka shiga gida Talatu tana tace kunu. Na jira ta tsokane ni, ko da zagi ne. Ta gaishe ni kamar baƙo, ta ci gaba da aikinta. Can ba tare da ta ɗago ba ta ce:

"Washegarin da saƙonka ya iso babana ya aiko da ragowar irinsa, kusan kwano goma. Yayanka ya ce a mayar, a ba mai bukata, ƙanensa ya aiko yana tafe da hantsi."

"Talatu," in ji Yaya.

"Ai gaya masa kawai na yi."

"To kin gaya masa. Ya isa. Kawo masa ruwa, an kusa kira."

Na so in ba da labarin boris da Kano da tayoyi. Na fara, Yaya ya ɗaga hannu ya ce mota ai sai a hankali, ba wanda ya isa da ita. Ya yafe mini tun kafin in gama faɗin abin da na yi, ban kuwa sake samun bakin ƙarasawa ba.

Na koma Babura. Sauran azumin nan kullum da la'asar sai in fito bakin sito in dubi gabas. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi. An fita roƙon ruwa a garuruwa, tsofaffi da yara a gaba. Sama ba ta sake zubar da na kirki ba har aka ga wata.

Na je gida sallah. Da safe muka ɗauki hanyar idi, Yaya a gaba da farar rigarsa da ta sha bula. Hanyar ta bi ta gefen gonarmu. Geron maƙwabta da aka shuka da ruwan nan ya kama ƙasa, ya wahala amma yana tsaye, ya kai idon sawu. A tsakiyarsu ga tamu, fili fetal, ja, sai sawun awaki. Mutane suna wucewa suna kawar da ido don kunyarsa. Shi bai rage tafiya ba, bai kuma juya ba.

Wake ya zuba a gonar daga baya, da ruwa ya dawo, ya ɗan samu. Amma wake ba ya cika rumbu. Shekarar nan gaba ɗaya daga sitona gidan ya ci. Nakan aiko da buhu a ɓoye cikin kayan wasu, a shigar ta ƙofar baya, duk da haka gari ya sani. Ba su kwana da yunwa ba, wannan kam na tsaya a kai. Sai dai Yaya ya daina zama a dakali in ana hirar rumbu, kuma ko da shekaru masu albarka suka dawo ban sake jin ya yi taƙamar nan tasa ba har ya koma ga Allah.

Amma ranar sallar ce ta fi zauna mini. Da muka sauko daga idi muka zauna a zaure, na lura buhu ɗaya daga cikin na irin ya sassauta, bakinsa a kwance. Talatu ta shigo da akushi ta ajiye, tuwon gero ne fari tas ba dusa, da miyar kuka har da man shanu. Rabon gidan da irinsa tun kafin azumi.

"Yaya, wannan ba irin ba ne?"

"Shi ne. Ni na ce ta daka. Lokacin gero ya wuce, Sabo, ko yau aka yi ruwa ba zai kai ba. Yara kuma sallah suke."

Ya wanke hannu, ya yi bismillah, ya gutsura. Ya tauna a hankali, kamar yadda yake yi in yana gwada sabon hatsi da kaka.

"Iri mai kyau ne," ya ce. "Ji danƙonsa. Da ya yi kyau a ƙasar nan." Ya turo akushin gabana. "Sa hannu mana."

Na sa. Na ci har na ga gindin akushin, domin yana kallona.